Shafukan da Baba Bai Ji Ba

Yayana mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya dubi agogon hannunsa, ya dubi na bango, sannan ya ce maka, "To, ya danganta." Tun muna yara haka yake. Ni ce ke bi masa, kuma a iya sanina kullum fuskarsa kamar ta wanda aka tasa daga barci aka miƙa masa lissafi. A gida Ya-danganta ake ce masa, sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi har wurin aiki. Bai taɓa jin haushi ba. In an kira sai ya waiwayo a hankali, kamar yana shakkar ko da shi ake.

Babanmu direban bas ne a lokacin ƙarfinsa, mai dogon zango. Abin da ya raba shi da sauran direbobi karatu ne. Kafin mota ta cika yana kan kujerarsa, littafin labari a kan sitiyari, in aka ce a tashi ya lanƙwashe kusurwar shafi ya cusa a aljihu. Yaya bai gaji wannan ba. Shi abin da ya iya kwance kaya ne. Rediyon Baba, cocilar Inna, Allah ya ji ƙanta, har agogon tebur, babu wanda bai sha sukundireba a hannunsa ba. Wasu ya mayar da su, wasu suka ƙare a kwali ƙarƙashin gado.

Da ya gama sakandare ya zauna a shagon wani mai gyaran talabijin, da yamma kuma yana zuwa aji koyon rubuta manhaja. Ba irin mai launi da hotuna da kake taɓawa a waya ba. Tasa tana can ƙasa kusa da ƙarfe, ita ke gaya wa na'ura inda za ta ɗauko abu da inda za ta ajiye shi. A gidanmu babu wanda ya gane wannan aiki. Gwaggo, ƙanwar Baba, har gobe in aka tambaye ta sai ta ce, "Ai gyaran waya yake yi." Takan kawo masa dutsen guga da fanka, shi kuma ya gyara ba musu, abin da ya ƙara tabbatar mata da zancenta.

Kamfanin da ya ɗauke shi ƙarami ne, ɗaki biyu a saman wani shagon taya, teburori cike da wayoyi, fanka ɗaya mai kuka. Suna ƙera wata 'yar na'ura da ba ta wuce sabulun wanka ba, wadda ke karanta wa masu larurar ido littafi da murya. Maɓallan gaba uku ne, na kunnawa, na dakatarwa, da na komawa baya, sai wani a gefe na kashewa gaba ɗaya. Rabon Yaya a ciki shi ne buɗe fayil ɗin littafin, miƙa wa muryar rubutu kaɗan-kaɗan, da tuna inda aka tsaya.

Idon Baba ya tafi ne a hankali, har ya zama sai inuwar mutum yake gani. Ni tela ce, shagona yana ƙofar gida, don haka ni ke tare da shi. Na gwada karanta masa, amma ga ɗinki ga masu jiran kaya, kuma ya ce ina karatu kamar mai gudun ruwan sama. Ranar da Yaya ya kawo masa na'urar, ya juya ta a hannu, ya kara a kunne, muryar mace ta fara. Ya saurara can ya ce, "Wannan malama ta fi ki natsuwa, Uwata." Haka yake kirana. Daga nan sunanta ya zama Malama.

Da farko dakatar da ita kawai yake yi ya ajiye a gefen matashi, sai batir ya riƙa mutuwa. Na kama yatsansa na ɗora a maɓallin gefe, na ce in ya gama ya riƙa kashewa. Lokacin ya shiga wani dogon labari na 'yan'uwa biyu da suka gaji jirgin fito daga ubansu.

Wata safiya na kawo masa shayi ya ce, "Uwata, wai yaushe ƙanin nan ya yi aure?"

"Wane ƙani, Baba?"

"Na cikin littafi. Jiya na bar shi gwauro, yau ga mace tana masa faɗa."

Na yi dariya na ce ƙila gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ya ce ƙila. Bayan kwana biyu kuma sai ga wani bawan Allah a labarin kowa yana gaishe shi da girmamawa, Baba bai san daga ina ya faɗo ba. Wata rana komai ya tafi daidai. Washegari a nemi jirgi a rasa, an sayar, shi bai ji cinikin ba.

Sai ya daina tambaya. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Nakan tsayar da keke in jiyo shi a ɗaki yana jero sunayen garuruwan da ya bi da mota, ɗaya bayan ɗaya, in ya kai ƙarshe ya juyo da su ta baya. Mahaifinsa ya ruɗe kafin ya rasu, har ya riƙa tambayar 'ya'yansa su wane ne, kuma Baba ya ga wannan da idonsa. Ran nan na shiga na tarar Malama tana kashe a cinyarsa.

"Kaina ya fara yoyo," in ji shi. "Kada ki gaya wa Gwaggonki."

Gwaggo kuwa ta riga ta sani, don ba a ɓoye mata komai a gidan nan. Ta zo da wani mai a kwalba ta ce a riƙa shafa masa a goshi. Ni da Yaya muka kai shi asibiti. Likita ya ba shi kalmomi ya riƙe, ya ja shi da hira, ya dawo ya tambaya, Baba ya zubo su tsaf har da gyara wa likitan tsarinsu. Likita ya ce shi bai ga komai ba, amma a dawo in abin ya ci gaba. Muka fito mun fi shiga ruɗu.

A mota na ce, "Yaya, anya ba Malama ba ce?"

Ya karɓe ta ya kunna, ya dakatar, ya sake kunnawa. Ta ci gaba daga kalmar da ta tsaya. Ya maimaita har na gaji da kallo. "Lafiyarta ƙalau," in ji shi, ya mayar wa Baba. Baba ya karɓa, ya juya fuska wajen taga.

Abin ya fito ne wata Asabar da rana. Yaya yana zaune a ƙasa a ɗakin Baba, ya baje fankar Gwaggo yana neman inda waya ta tsinke, kunnensa ɗaya yana wajen Malama. Ta kai inda babban wan ya tsaya a ƙofar ƙaninsa bayan doguwar gaba, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Daidai nan na shigo da abinci, Baba ya kashe ta. Da muka gama ya wanke hannu ya kunna. Sai ga 'yan'uwan nan a tsakiyar kogi, ruwa yana dukansu, suna kwarfe kwalekwale tare.

Yaya ya ɗago. "Ya ƙwanƙwasa ƙofar?"

Baba ya juyo da sauri. "Kai ma ba ka ji ba?"

"Ban ji ba."

Baba ya dafa kai. "Innalillahi. Ashe abin gado ne. Kai da ko furfura ba ka fara ba."

"Ba haka ba ne, Baba. Me ka danna ɗazu?"

"Na gefe, yadda Uwata ta nuna mini."

Yaya ya dubi Malama, ya dube ni, ya dubi fankar da ke warwatse a gabansa. A ofis, ashe, babu mai kashe ta a tsakiyar littafi. Dakatarwa suke yi, don kullum tana jone da wuta.

Na ɗauka an gama ke nan, tunda an kama ɓarawo. Ashe yanzu aka fara. Ya tafi da ita ofis, kuma kwanakin da suka biyo baya in ya biyo ta shagona da yamma sai ya zauna a kan benci ya zuba wa bango ido.

"Abin da ban gane ba," in ji shi, "kowa gaskiya yake faɗa. In za a kashe, nakan tambayi na'ura ina muke a fayil, ta ba ni lamba, in adana. In an kunna in ce ta koma lambar nan, ta koma daidai, ko harafi ba ta kuskurewa. To ina rubutun yake shiga?"

"Ni kake tambaya?"

"Wani lokaci shafi biyu ne ke ɓata. Wani lokaci layi ɗaya. Wani lokaci ba komai. Da kullum abu ɗaya ne da na ce lissafina ne."

Ya zargi katin ajiya, ya canza, abin bai canza ba. Ya zargi batir. Ya zargi ɓangaren murya, har suka ɗan yi sa'insa da abokiyar aikinsa mai kula da shi, wadda suke ce wa Doguwa. Ita ce ta ce, maimakon musu, su kashe su kunna sau da yawa su jera lambobin a allo su gani. Da suka jera ta ce, "Kai, me ya sa lambobinka suke tafiya taki ɗaya? Duk inda muka kashe, ko dai wannan lamba, ko ninkinta. Mutum yana tsayawa inda ya ga dama, ita kuwa kamar mai hawa matakala."

Yaya ya ce ya daɗe yana kallon allon nan kafin gumi ya keto masa.

Da yamma ya zo yi mini bayani, ya rasa ta inda zai kama, sai idonsa ya faɗa kan bandir ɗin yadi da ke jingine a kusurwa.

"In za ki yi ɗinki, kina zuwa wajen bandir duk sanda kike son ɗan ƙyalle?"

"Ina na ga wannan lokacin? Nakan yanko babba in shimfiɗa a tebur, in riƙa ɗiba."

"Yawwa. Haka manhajar take yi. Zuwa katin ajiya yana da nisa a wajenta, don haka in na ce ta ba ni layi ɗaya, sai ta yanko haruffa dubu huɗu da ɗoriya ta ajiye kusa, ta riƙa miƙo mini daga nan. Yanzu in aka tambayi bandir ina aka kwana, ina zai nuna?"

"Inda na yanke."

"Almakashinki kuma fa?"

"Yana kan tebur, ƙila ko rabi ban ci ba."

"To ni bandir nake tambaya. In an kashe, a share teburin, gobe a ci gaba daga inda aka yanke. Abin da ya rage a tebur shi ne Baba bai ji ba. In kin kusa cinye yadin, kaɗan ya ɓata. In yanzu kika shimfiɗa, shafi biyu."

Ya ce umarnin kala biyu ne. Akwai wanda ake kira lseek, shi da bandir kawai yake magana, bai san da zaman tebur ba. Akwai fseek da ɗan'uwansa ftell, su ne suka san tebur, suke cire abin da ba a taɓa ba daga lissafi. Shi ya buɗe fayil ta hanyar masu tebur, ya koma yana tambayar mai bandir, don shi hannunsa ya saba da shi tun aikinsa na farko.

Na ce, "Harafi ɗaya ne fa ya raba sunayen."

"Harafi ɗaya."

"Shi ya kai mu asibiti?"

Ya gyaɗa kai. Ni dai na gane zancen yadi. Yadda aka yi yadi ya shiga cikin Malama ne har yau ban gane ba.

Ya gyara ya kawo. Baba ya karɓa da ɗari-ɗari, ya saurara, ya kashe, ya kunna, ta ɗora daga inda ta tsaya. Bai yi murna nan take ba. Sai da ya gwada ya sake gwadawa, sannan ya sauke wata ajiyar zuciya da na ji har cikin ƙirjina. Da Gwaggo ta zo ta ga ya warware, ta ce dama ta san man nan ba ya ƙarya, ta kawo kwalba ta biyu.

Ba a yi nisa ba Baba ya fito da wani ƙorafin. Yanzu da ya daina tsoron kansa, ya fara amfani da maɓallin komawa baya, wanda da yake gudu don kada ya tabbatar wa kansa da mantuwa.

"Malamarka ba ta jin magana," ya ce wa Yaya. "In na ce ta koma, sai ta gama abin da ke bakinta tukuna, kamar Gwaggonku, can sai ta yi tsalle baya ba sallama."

Yaya ya sosa ƙeya. Ashe ya gyara wajen tambaya ya bar wajen komawa. Maɓallin yana matsar da wuri a bandir, teburin kuwa yana nan da tsohon yadinsa, sai an cinye shi a ga canji. Ya mayar da shi ga umarnin da ke share tebur kafin ya matsa. Wannan bai ba shi wuya ba.

Ƙorafi na uku ne ya sa Yaya ya kusa cewa aljanu ne. In an koma baya, jefi-jefi Malama takan yi wani sauti kamar shaƙuwa kafin ta kama magana. A littattafan gwaji na ofis ba ta taɓa yi ba, sai a na Baba. Ya sake komawa benci da kallon bango. Daga baya ya gano cewa haruffanmu masu ƙugiya, irin su ƙ da ɗ da ɓ, gurbi biyu suke ci a fayil, sauran kuwa ɗaya. In aka ƙirga baya aka sauka tsakiyar harafi, sai murya ta ɗauki rabinsa ta rasa yadda za ta yi da shi. Ya sa ta riƙa ja da baya har farkon jimla. Baba ya ce shi da an bar masa shaƙuwar ma, tana sa ya ji kamar mutum ce.

Baba ya sa aka mayar masa da littafin tun daga farko. Da ya ji shi cikakke sai ga shi yana ba ƙanin haƙuri a fili, wai ya yi ta zaginsa a banza, ashe wan ne ya fara cin amana a wani shafi da ya faɗa rami.

Yaya kuwa wani abu ne ya tsaya masa a rai. Kamfanin ya riga ya raba na'urorin nan da yawa, kuma babu mutum ɗaya da ya taɓa kawo ƙara. Manajansu ya ce to ai alama ce abin bai dami kowa ba, a sa gyaran a sababbi kawai. Yaya ya ce, "Babana ma bai kawo ƙara ba." Manaja ya ce to, su je su gyara na hannun mutane.

Ranar taron wata ƙungiyar masu larurar ido suka je shi da Doguwa da kwamfuta, ni ma na bi su don in taya jera mutane. Zaure ne mai kujerun roba, sanduna jingine a bango. Yaya ya miƙe ya yi bayani, ya fara da bandir, ya ɓace a tsakiya, Doguwa ta karɓa ta ce, "A taƙaice, in kun kashe tana tsallake muku shafi. Laifinmu ne, ba naku ba."

Zauren ya kaure da surutu. Wata tsohuwar malamar makaranta ta ce ita ta ɗauka haka marubutan yanzu suke rubutu, har tana yaba musu wayo. Wani ya ce shi matarsa ya zarga da saurare a ɓoye, sun yi faɗa ba sau ɗaya ba, yanzu da wane ido zai koma gida, aka kwashe da dariya. Akwai wani dattijo a cikinsu. Da layi ya zo kansa ya lalubo hannun Yaya ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

Can wajen ƙarshe wata mata mai sayar da sabulu ta zo, tata na'urar a ɗaure cikin hankici. Ta ce ita ba gyara ya kawo ta ba, ta zo ne ta gaya musu tata ba ta taɓa tsallake komai ba.

"Kina kashewa ta gefe?" in ji Yaya.

"Kullum. Batir tsada gare shi."

"A tsakiyar littafi?"

"Duk inda mai saye ya zo."

Ya roƙa ta ba shi ya duba. Tsohuwar manhajar ce a ciki, irin ta kowa, da kuskurenta. Ya kunna, ya kashe, ya kunna. Ta ɗora daidai. Ya sake, ta sake ɗorawa daidai. Doguwa ta karɓa ta gwada, haka. Suka dubi juna.

"Baiwar Allah, ki ba mu aronta mu tafi da ita ofis, mu ba ki sabuwa."

"A'a," in ji ta, ta karɓe abarta ta mayar cikin hankici. "Ku da kuka lalata na mutane, ni ce zan ba ku mai lafiya?"

Ko gyaran ba ta yarda an sa mata ba. Ta ɗauki sandarta ta fita.

Yaya yana nan a kamfanin har yanzu, sun koma gini mai fanka biyu, furfura ta cinye masa kai. Ya gwada na'urori iri ɗaya da tata ba adadi, duk suna tsallakewa. Wani lokaci muna cikin cin abinci sai ka ga loma ta tsaya a hannunsa, ya ce, "Ko dai katinta ne daban?" Matarsa ta ce ya ci abinci kafin ya huce. Ya kai lomar baki yana girgiza kai, don katin ma ya duba a ranar, irin na kowa ne.